Waiwaye: Daga tunkiya Doli zuwa dashen ɓargo, shekaru talatin na taƙaddamar kwafin halitta

A ranar 5 ga Yulin 1996 aka haifi wata 'yar tunkiya a Cibiyar Roslin da ke kusa da birnin Edinbara a Sikotland. Ba ta da uba, kwafin wata tunkiya ce, wato gadon halittarsu iri ɗaya ne. Ian Wilmut da Keith Campbell da abokan aikinsu sun ɗebo ƙwayar halitta guda daga hantsar wata tunkiya mai shekara shida, suka samo ƙwan wata tunkiyar daban suka cire jakar gadon da ke tsakiyarsa, suka haɗa ƙwayar hantsar da ƙwan da aka sauke wa kaya, suka ɗan taɓa su da lantarki. Ƙwan ya fara rarrabuwa kamar an yi barbara. Sau 277 suka gwada, 'yan tayi 29 suka samu, guda ɗaya tak ta zo duniya da rai. Suka raɗa mata suna Doli, suka kuma ja bakinsu suka yi shiru sai watan Fabrairun 1997.

Da labarin ya fita, hankalin mutane bai tsaya kan tumaki ba ko na yini guda. Tambayar da ke bakin kowa ita ce, in an yi wa tunkiya, yaushe za a yi wa ɗan Adam? Shugaba Bill Clinton ya hana kashe kuɗin gwamnatin Amurka a kan kwafin mutum tun a watan Maris. Hukumar UNESCO ta fitar da sanarwa a shekarar cewa haihuwar mutum ta hanyar kwafi ta saɓa wa martabar ɗan Adam. A Jidda kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a tsakiyar 1997 ta haramta kwafin mutum, ta bar ƙofa a buɗe ga dabbobi da tsirrai matuƙar akwai amfani kuma babu cutarwa. Dalilan malaman ba su da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gado. Yaron da aka kwafo daga jikin mutum, ɗansa ne ko ƙaninsa? Wace ce uwarsa, mai ƙwan, ko mai cikin, ko wadda ta haifi wanda aka kwafa? Wa zai gada, wa ya haramta ya aura? Kare nasaba yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo dominsu, kuma kwafi yana cakuɗa ta tun daga tushe.

Doli ba daga sama ta faɗo ba. Tun 1962 John Gurdon ya yi irin wannan aikin a Oksfod da kwaɗi, ya nuna cewa ƙwayar hanjin talibambam tana ɗauke da cikakken kundin gadon da zai iya gina kwaɗo sukutum. Sai dai kwaɗo ba ya shayarwa, don haka duniya ba ta girgiza ba. Abin da ya share wa rigimar fage shi ne haihuwar Louise Brown a garin Oldham na Ingila ranar 25 ga Yulin 1978, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a ɗakin gwaji. Daga ranar ne ɗan tayi ya zama abin da ake iya gani a faranti, a ƙirga shi, daga baya har a daskarar da shi a ajiye. Likitoci kan haɗa fiye da adadin da za a mayar cikin mahaifa, saura ya yi ta zama a cikin sanyi. To wannan sauran, mene ne matsayinsa?

Birtaniya ta ɗora wa wani kwamiti ƙarƙashin Mary Warnock, malamar falsafa, aikin amsawa. Rahotonsu na 1984 bai yi da'awar sanin ranar da mutum ke zama mutum ba. Iyaka suka shata: a yi bincike a kan ɗan tayi har kwana 14, daga nan a tsaya. Wajen kwana na goma sha huɗu ne wani ɗan zane ke bayyana a jikin tayin wanda daga gare shi tsarin jiki ke fara miƙewa, kuma bayan nan ba ya ƙara rabuwa ya zama tagwaye. Iyakar ta shiga dokar Birtaniya a 1990, ƙasashe da yawa suka ara. A ganina wannan na daga cikin hukunce-hukunce mafi hankali da aka yanke a tarihin lamarin, domin ya yarda cewa mutane ba za su taɓa haɗuwa a kan aƙida ba, amma suna iya haɗuwa a kan shinge.

Sai 1998, lokacin da James Thomson na Jami'ar Wiskonsin ya ciro ƙwayoyin asali daga ɗan tayin mutum ya raya su a faranti. Ƙwayar asali ita ce wadda ba ta riga ta zaɓi sana'a ba. Ƙwayar fata fata ce har ta mutu, ta zuciya ma haka, amma ta ɗan tayi mai kwana biyar tana iya zama jijiya, ko tsoka, ko jini, ko saifa. Likitoci suka hango ranar da za a gyara lakar da ta tsinke, a maye wa mai ciwon sukari ƙwayoyin da suka mutu, a tsayar da rawar jikin mai cutar Parkinson. Matsalar guda ce, kuma ba ƙarama ba: ba a ciro ƙwayoyin nan sai ɗan tayin ya lalace.

A nan hanyoyi suka rabu. Cocin Katolika ta riga ta faɗi matsayinta tun 1987, cewa daga lokacin da ƙwai ya haɗu da maniyyi ɗan tayi ya cancanci a girmama shi kamar mutum, saboda haka lalata shi don magani ɗaukar rai ne don ceton wani. Kiristoci masu ra'ayin riƙau a Amurka suka tsaya a kan haka, suka haɗa batun da rigimarsu ta zubar da ciki. Ranar 9 ga Agustan 2001 Shugaba George Bush ya ce kuɗin gwamnatin tarayya za su tafi ne kawai ga rukunonin ƙwayoyin da aka riga aka samar kafin wannan ranar. An ce sun haura 60, amma da aka zo aiki 21 ne suka yi amfani. Jihar Kalifoniya ta ƙi jira, masu zaɓenta suka amince da dala biliyan 3 a 2004 don su yi nasu binciken. Barack Obama ya ɗage takunkumin a Maris na 2009.

Malaman Musulunci sun bi wata hanyar daban, kuma abin ya ba Turawa da yawa mamaki. Alƙur'ani ya ambaci matakan halitta, daga ɗigon maniyyi zuwa gudan jini zuwa tsoka, kuma hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud ya ba kowane mataki kwana arba'in kafin mala'ika ya busa rai, wanda mafi yawan malamai suka lissafa kwana 120. Wannan bai mayar da tayin farko abin wasa ba. Mazhabar Malikiyya da muke bi ma ta fi sauran tsanani, don sanannen ra'ayinta shi ne ba a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana arba'in ba. Amma tayin da ke cikin faranti bai taɓa shiga mahaifa ba. A 2003 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta amfani da ƙwayoyin asali in an same su ta hanyar halal: daga jikin baligi da izininsa, daga cibiya da mabiyiya, daga ɓarin da ya zo da kansa, da kuma ragowar 'yan tayin da ma'aurata suka bari bayan neman haihuwa in sun ba da izini. Ta haramta zubar da ciki da gangan don a sami ƙwayoyin, ta kuma haramta kwafi ko da don magani ne. Iran ta yi gaba da aikin, Cibiyar Royan da ke Tehran ta samar da nata ƙwayoyin a 2003, ta kuma kwafi tunkiya a 2006. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kaɗa ƙuri'a a Maris na 2005 kan sanarwar hana kwafin mutum, ƙasashe 84 suka amince, 34 suka ƙi, 37 suka yi rowar ƙuri'arsu, cikinsu har da ƙasashen Musulmi da dama. Sanarwar ba ta ɗaure kowa ba.

Duk tsawon wannan muhawara idon duniya yana kan faranti. Matar da aka ciro ƙwan daga jikinta kuwa kusan babu mai ambatonta, sai da abin Koriya ta Kudu ya fashe.

Hwang Woo-suk likitan dabbobi ne a Jami'ar Ƙasa ta Seoul. A 2004 ya sanar cewa ya kwafi ɗan tayin mutum ya ciro ƙwayoyin asali daga ciki, a 2005 ya ce ya samar da rukuni 11 da suka dace da jikin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya. Ƙasar ta ɗauke shi ta aza bisa kai. An buga kan sarki na gidan waya mai hoton gurgu yana tashi daga keken guragu. Masu shanyewar jiki suka yi ta rubuta sunayensu suna jiran layi. Kafin shekarar ta ƙare, wasu 'yan jaridar talabijin da matasan masana suka fara tono, jami'ar ta kafa kwamiti, a farkon 2006 ta bayyana cewa babu ko rukuni ɗaya na kwafi, bayanan ƙirƙira ne. Karen da ya kwafa, Snuppy, shi ne ya tabbata gaskiya.

Ƙaryar ta yi muni, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙwayayen. Ɗakin gwajinsa ya cinye ƙwai sama da 2,000 daga mata fiye da ɗari. An biya wasunsu kuɗi, biyu daga ciki kuma ƙananan masu bincike ne da ke aiki a ƙarƙashinsa. Ba da ƙwai ba kamar ba da jini ba ne. Mace kan sha allurai na kwana da kwanaki don a tilasta wa jikinta nunar da ƙwai da yawa a tashi ɗaya, sannan a zura allura a zuƙo su, kuma wasu kan kumbura har a kwantar da su a asibiti. Wace ɗaliba ce za ta kalli idon maigidan da takardar digirinta ke hannunsa ta ce ba za ta bayar ba? Sa hannu a takarda ba shi ne yarda ba in wuƙa da nama suna hannun mai neman. Kotu ta same shi da laifin almundahana da karya dokar ɗa'ar bincike a 2009, ta yi masa ɗaurin talala.

A daidai lokacin da Koriya ke wanke kunyarta, Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya sauya wasan. A 2006 ya nuna cewa in an cusa ƙwayoyin gado huɗu a cikin ƙwayar fatar ɓera, sai ta manta da sana'arta ta koma kamar ta ɗan tayi. A 2007 ya maimaita da fatar mutum. Babu ƙwan mace, babu tayin da za a lalata. Shi da Gurdon suka raba lambar yabo ta Nobel a 2012, shi kansa Wilmut ya ajiye shirinsa na kwafin tayin mutum ya koma wannan hanyar. Wutar rigimar ta lafa sosai, ko da yake ba ta mutu ba: a 2013 Shoukhrat Mitalipov ya yi a Oregon abin da Hwang ya yi ƙaryar ya yi, a 2018 masana a Shanghai suka nuna birai biyu na kwafi, a shekarar kuma wani masani mai suna He Jiankui ya sauya ƙwayoyin gadon wasu tagwaye tun suna tayi, ƙasar Sin ta ɗaure shi shekara uku. Shingen kwana 14 ma ya fara girgiɗi, don a 2021 ƙungiyar masu binciken ƙwayoyin asali ta duniya ta sassauta shi a ƙa'idojinta.

Mutumin kwafi da aka yi ta tsoro dai har yau babu hujjar an haife shi. Wata ƙungiyar addini ta yi shelar haihuwar yarinya a ƙarshen 2002, ba ta kawo ko gwajin jini ba. Doli kuwa ta haifi 'ya'ya shida ta hanyar da aka saba, ciwon huhu ya kama ta, aka raba ta da wahala a Fabrairun 2003. Raƙuman tsere da dawaki da karnukan attajirai ne suka gaji fasahar. Dubai ta kwafi raƙumarta ta farko, Injaz, a 2009.

Ɓarnar da ta auku a zahiri a wani lungu ta fito. Asibitocin kuɗi sun bazu a duniya suna sayar da "allurar ƙwayoyin asali" ga mai shanyewar ɓarin jiki, da uwar yaro mai galahanga, da tsoho mai ciwon gwiwa, ba tare da gwajin da ya tabbatar da amfaninta ba. A Florida an ɗebi kitse daga jikin wasu tsofaffin mata uku aka yi musu allurarsa a ido a 2015, ganinsu ya lalace. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ko ruwan kwata aka ce magani ne zai sha, kuma masu wannan kasuwa sun san haka sarai.

Akwai dai maganin ƙwayoyin asali da ya daɗe da tabbata, kuma babu ruwansa da tayi: dashen ɓargo, domin ɓargo ma yana da nasa ƙwayoyin asali masu yin jini. Donnall Thomas ya fara shi a shekarun 1950, ya karɓi Nobel a 1990. A nan ne labarin ya shigo gidajenmu, domin dashen ɓargo yana warkar da sikila, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar, da jarirai kimanin 150,000 a kowace shekara. An yi dashen farko a ƙasar a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta kwafin mutum, wannan ya yi daidai, amma uwar da ke kwana tsaye a kan ɗanta yana kukan ciwon ƙashi a Kano ko Damagaram ba kwafi ne damuwarta ba. Dashen galibi yana buƙatar ɗan'uwa wanda ɓargonsa ya dace, yana da haɗarin kansa, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin mai albashi, balle manomi. Akwai ma tambayar da ba a cika yi ba: ƙanen da za a ɗebi ɓargonsa in yaro ne, wa ya yarda a madadinsa, kuma wa ke kare masa haƙƙi a gidan da kowa ya zuba masa ido?

A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ake ciro ƙwayoyin asalin jinin mai sikila, a gyara su, a mayar masa, jikinsa ya koma yin irin jinin da yake yi tun yana ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Ba a neman ɗan'uwa, ba a taɓa tayi, babu malami ko limamin coci da ke da ja a kansa. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kuma mafi yawan yaran da aka yi shi dominsu a kudu da Sahara ake haifar su.