Ma'aunin h: lambar da ake auna mai bincike da ita, da yadda take a fannin haihuwar dabbobi

Duk wanda ya buɗe shafin wani malamin jami'a a Google Scholar, dandalin Google na neman maƙalun ilimi, zai ga ɗan akwati a gefe mai layi uku: jimillar ambato, sai h-index, sai i10-index. Na tsakiyar nan, wato ma'aunin h, shi ya fi tashe. Ana duba shi wajen ƙarin girma, masu ba da tallafin bincike kan leƙa shi tun kafin su karanta komai, wasu ma har a takardar tarihin aikinsu suke rubuta shi.

Sai an san ambato kafin a gane shi. Idan mai bincike ya wallafa maƙala a mujallar kimiyya, a ƙarshenta yakan jera ayyukan da ya dogara da su. Duk maƙalar da ta shiga wannan jeri ta samu ambato ɗaya ke nan. Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa tattara ambaton nan wuri guda, a mujallar Science a 1955, ya kuma fitar da kundin Science Citation Index a 1964. Abin da ya nufa da farko shi ne mai karatu ya iya bin sawu, ya ga wane ne ya ɗora a kan aikin wane. Auna mutane da shi daga baya aka shigo da shi.

Shi kuwa ma'aunin h, Jorge Hirsch ne ya ƙirƙiro shi a 2005, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a Amurka. Lissafinsa ba wuya. A jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa wadda aka ambata kaɗan, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya har a iso inda lambar maƙala a jerin ta wuce yawan ambatonta. A ce wata likitar dabbobi tana da maƙala 12, ambatonsu kuma ya kama haka: 90, 45, 30, 22, 14, 9, 7, 5, 3, 1, 0, 0. Ta bakwai tana da ambato 7, ta cika sharaɗi. Ta takwas tana da 5, ba ta kai 8 ba. Ma'auninta 7 ne, ma'ana tana da maƙala bakwai da aka ambaci kowacce aƙalla sau bakwai. To a ce ga wani da ya wallafa uku kacal, amma an ambace su sau 800 da 600 da 500. Nasa 3 ne, kuma ko ambaton ya ninka sau goma ba zai motsa ba sai ya ƙara wallafa wata.

Hikimar abin ita ce ya haɗa yawa da tasiri a lamba guda. Mai zuba maƙalu barkatai ba mai karantawa ba zai hau ba, wanda ya dace sau ɗaya ya kwanta shi ma ba zai hau ba. Har nan babu abin ƙi. Matsalar takan fara ne idan aka ɗauki lambar daga wani fanni aka gwada ta da ta wani, kuma ilimin haihuwar dabbobi yana cikin fannonin da wannan gwadawa ta fi cuta.

Dubi lokaci kawai. Ɓeran gwaji cikin mako uku yake haihuwa. Tunkiya da akuya wata biyar, saniya wata tara da 'yan kwanaki, goɗiya kusan wata goma sha ɗaya, taguwa kuwa takan kai wata goma sha uku. Mai son gano ko wata sabuwar hanyar daskarar da maniyyin ingarma tana ƙara yawan ɗaukar ciki, dole ya jira lokacin da goɗiyoyin ke neman namiji, don ba duk shekara suke nema ba, a sa musu maniyyin, a duba ciki da na'ura, in kuma yana son sanin ko ɗan zai zo da rai sai ya ƙara jiran shekara. Ga tsadar ciyarwa, ga wahalar samun dabbobi masu yawan da za su sa a yarda da sakamako. Kafin ya fitar da maƙala ɗaya, takwaransa mai aiki da ɓeraye ko ƙwayoyin halitta a cikin kwalba ya fitar da da dama. Sannan masu ambaton su wane ne? Masu binciken cutar kansa ko ciwon sukari a duniya ba su ƙirguwa. Masu binciken haihuwar raƙumi kuwa ba su fi ƙarfin zaure ɗaya ba a taron ƙasa da ƙasa. Komai ingancin maƙalarka, ba za a ambace ta fiye da yawan maƙalun da ake rubutawa a fannin ba. Hirsch da kansa ya faɗa tun a maƙalarsa ta farko cewa lambobin sun bambanta tsakanin fannoni, kuma alƙaluman da ya ba da misali da su, kamar 20 bayan shekara 20 na aiki, a kan masana fiziks ya yi su.

Haka abin yake ga mujallu. Akwai wani ma'aunin nasu daban, na tasirin mujalla, wanda kamfanin Clarivate ke fitarwa kowace shekara: ambaton da maƙalun shekara biyu da suka wuce suka samu a bana, a raba da yawan maƙalun. Theriogenology da Animal Reproduction Science da Reproduction in Domestic Animals su ne gidajen 'yan fannin, amma in aka ajiye lambarsu kusa da ta Nature sai a ga kamar ba komai ba ne. Shekara biyu ma ta yi kaɗan ga fannin da gwaji ɗaya ke cin shekara biyun.

Ba wai ambato ba ya nuna komai ba ne. A 1995 Pursley da Mee da Wiltbank na Jami'ar Wisconsin suka wallafa a Theriogenology tsarin da aka sani da Ovsynch: allurar GnRH, bayan kwana bakwai allurar PGF2α (duka biyun sinadarai ne masu sarrafa fitar ƙwan saniya), bayan kwana biyu a maimaita GnRH, washegari a sa wa saniyar maniyyi ba tare da an tsaya gadin lokacin da za ta nemi bijimi ba. Maƙalar ta sha ambato, kuma da gaske ta canza yadda ake tafiyar da gonakin madara. A nan lamba da amfani sun tafi tare. Haka binciken Polge da Smith da Parkes na 1949 a Landan, da ya nuna gilisarin na kare maniyyin zakara daga lalacewa a daskarewa, wanda a kansa aka gina adana maniyyin bijimai. Amma fa likitan da ya karanta rahoton yadda aka warware mahaifar da ta murɗe wa saniya mai naƙuda, ya je ya ceci ta wani, ba ya rubuta maƙala balle ya ambaci kowa. Wannan amfani ba ya shiga lissafi. Maƙalar bita kuwa, wadda ke tattara abin da wasu suka gano, ta fi jawo ambato a kan gwajin da aka sha wahalarsa a garke.

Akwai kuma abin da ma'aunin h ba ya gani sam. Bai san ambaton yabo da na suka ba. Hwang Woo-suk, likitan dabbobi a Jami'ar Ƙasa ta Seoul a Koriya ta Kudu, ya wallafa maƙalu biyu a Science a 2004 da 2005 a kan kwafar ɗan tayin mutum, aka janye su a 2006 bayan an gano ƙirƙirar sakamako aka yi. Duk wanda ya ambace su don ya ba da labarin maguɗin, ambato ne a wurin na'ura. Bai san wanda ya yi aikin da wanda aka maƙala sunansa a tsakiyar marubuta goma sha biyar ba, kowa kaso ɗaya yake samu cif. Ba ya raguwa ko mutum ya daina bincike, don haka ya fi kyautata wa tsofaffin hannu. Hirsch ya ba da magani a kan wannan, a raba lambar da shekarun da mutum ya yi tun wallafarsa ta farko, sai dai ba kasafai ake damuwa da yin hakan ba. Ga kuma masu yawan ambaton kansu, da ƙungiyoyin in-ka-ambace-ni-in-ambace-ka.

Wani abin da ke rikita mutane: mutum ɗaya yana iya samun lamba uku. Ma'ajiyoyin ambato na Web of Science da Scopus zaɓaɓɓun mujallu suke ƙirgawa. Google Scholar kuwa yana kwasar kundin digiri da takardun taro da duk abin da ya yi kama da maƙala a intanet, shi ya sa lambarsa ta fi girma kusan kullum, kuma ya fi saukin yaudara. A 2010 Cyril Labbé na Grenoble a Faransa ya ƙirƙiri wani masanin bogi mai suna Ike Antkare, ya cika intanet da maƙalun shirme da kwamfuta ta rubuta suna ambaton juna, har ma'aunin h na mutumin da bai taɓa rayuwa ba ya kai 94. Saboda haka in an ce maka wane yana da 25, tambayi a wace ma'ajiya, kuma a wace shekara.

Irin wannan ya sa aka tsara sanarwar San Francisco a kan tantance bincike a 2012, da ƙa'idojin Leiden a 2015, duka suna kira da a karanta aikin kansa, lamba ta zama mai taimako kawai. A nawa ganin, wanda zai duba shafin mai binciken haihuwar dabbobi ya fara da tambayar wace dabba yake aiki a kanta, ya gwada shi da masu aiki a kan irinta waɗanda suka fara tare. Sai ya buɗe maƙalu biyar na sama ya ga nawa ne gwaji nawa ne bita, a ina sunansa ya faɗo cikin marubuta, kuma su wa ke ambatonsa. Google Scholar na da wani jerin lambobi na biyu a gefen dama na akwatin nan mai nuna ambaton shekara biyar na baya-bayan nan kaɗai, wanda shi ke nuna ko har yanzu ana amfani da aikin.