Wai shin wane ne "libero" a ƙwallon ƙafa?

Tun da Franz Beckenbauer, shahararren ɗan wasan Jamus, ya rasu a watan Janairun 2024 kalmar nan "libero" ta dawo bakin masu sharhin wasanni, kuma har yau ta ƙi komawa inda ta fito. A rediyo ita ce, a gidan kallon ƙwallo ita ce, a Facebook ma haka. Ɗan baya ya sa kai ya fitar da ƙwallo, a ce libero. Ya kwashe ƙafar ɗan gaba, a ce libero. Abin da ya ƙure haƙurina shi ne ranar da na ji wani mai sharhi yana yaba wata ƙungiya wai ta "sa libero biyu a baya". Libero biyu? Ai wannan liman biyu ke nan a sallah ɗaya.

Kalmar ta Italiyanci ce, ma'anarta 'yantacce, wanda ba a ɗaure shi ba. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: 'yanci daga me? Daga gadin mutum. A da, kowane ɗan baya akwai ɗan gaban da aka ɗora masa, duk inda ya sa ƙafa yana biye da shi, ko ruwa ya je sha a bakin layi. Libero shi kaɗai ne ba a ɗora wa kowa ba. Yana tsaye a bayan masu gadin, wanda duk ya kuɓuce musu shi zai tare, ƙwallon da ta zille shi zai share. Ke nan sunan aiki ne a cikin wani tsari na musamman, kamar yadda ake cewa gola. Ba kirari ba ne da ake yi wa duk ɗan bayan da ya burge mutane.

Kafin a gane libero sai an san wanda ya riga shi, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, domin mutumin da zan kawo ya fi kowa nuna bambancin.

A 1925 aka sauya dokar satar gida: maimakon 'yan wasa uku tsakanin ɗan gaba da layin raga, aka mayar da su biyu. Ƙwallaye suka yi ta shiga kamar ruwan sama. Herbert Chapman, kocin Arsenal, ya janye ɗan tsakiyarsa ya dasa shi tsakanin 'yan baya biyu, aikinsa ɗaya tak, ya hana lamba tara, wato babban ɗan gaban abokan karawa, motsi. Wannan ne ake kira "stopper", wato mai tarewa, Jamusawa ma da wannan sunan suka san shi. A Jamus ta Yamma ta shekarun 1950, idan ana zancen mai tarewa to dole a ambaci Werner Liebrich.

An haife shi a Kaiserslautern a 1927, a ƙungiyar garin ya yi rayuwarsa ta ƙwallo, da ita ya ci gasar Jamus a 1951 da 1953. Sau 16 kacal ya buga wa ƙasarsa, amma a cikin waɗannan akwai wasannin gasar cin kofin duniya ta 1954 a Suwizalan. Wani abin dariya, lamba 10 ce a bayan rigarsa a gasar. Masu cewa ana gane aikin ɗan wasa daga lambarsa sai su yi mana bayanin wannan.

A zagayen rukuni, a birnin Basel, Hungary ta yi wa Jamus ta Yamma cin kaca, 8-3. A wasan ne Liebrich ya taka Ferenc Puskás, tauraron Hungary, a idon sawu, raunin da ya hana Puskás buga wasa da Brazil da kuma Uruguay. Mutanen Hungary sun daɗe ba su yafe masa ba, ni ma ba zan wanke shi ba, keta keta ce. Amma ku lura, aikin mai tarewa ke nan a zamanin: jiki da jiki, ƙafa da ƙafa, babu wani a bayanka da zai gyara in ka yi kuskure.

Sai ranar 4 ga Yuli, wasan ƙarshe a Bern, ana tafka ruwan sama. Hungary na da wata dabara da ta rikita Turai. Lamba taransu, Nándor Hidegkuti, ba ya tsayawa a gaba, sai ya gangaro tsakiya. Mai tarewa ya shiga tsaka mai wuya: ya bi shi ya bar gida a buɗe, ko ya tsaya ya bar shi yana raba ƙwallo yadda ya ga dama. Da wannan suka ci Ingila 6-3 a Wembley a 1953, Hidegkuti shi kaɗai ya zura uku. Kocin Jamus, Sepp Herberger, ya warware matsalar cikin sauƙi. Ya ce wa Horst Eckel, ɗan tsakiya kuma abokin wasan Liebrich a Kaiserslautern, shi ne zai manne wa Hidegkuti. Liebrich kuwa ya zauna a gida. Cikin minti 8 Hungary ta ci biyu, Puskás da Czibor. Morlock da Rahn suka farke wa Jamus kafin minti 20, sannan Rahn ya ƙara ta uku a minti na 84. Tsakanin nan Hungary ta yi ta luguden hare-hare, Liebrich na ta fitarwa da kai da ƙafa.

To a ranar, mutumin da aka saba ɗaure shi da lamba tara ya wayi gari babu lamba taran da zai bi. Wasu na kafa hujja da wannan su ce shi ne liberon Jamus na farko. Ban yarda ba. Dabara ce ta wasa ɗaya saboda abokin karawa ɗaya, kuma 'yancin da ya samu Eckel ne ya biya kuɗinsa da gudu. Sai dai wasan ya nuna abin da masu sharhinmu ke mantawa: ba a samun 'yantacce a baya sai wani ya ɗauki gadin da ya bari.

Tsarin kansa daga wani wuri ya fito. Karl Rappan, ɗan Austriya da ya horar da Suwizalan, shi ya fara ajiye mutum ɗaya a bayan 'yan baya tun shekarun 1930, aka kira tsarin "sakata". Italiyawa suka karɓa suka kira nasu catenaccio, ita ma ma'anarta sakatar ƙofa. Inter ta Helenio Herrera ta ci kofin zakarun Turai a 1964 da 1965 da Armando Picchi a wannan gurbi, mutumin da da wuya ka gan shi ya tsallaka tsakiyar fili. Jamusawa kuwa "Ausputzer" suke cewa, mai share-share, kuma Willi Schulz ne ya riƙe musu gurbin a gasar duniya ta 1966. Beckenbauer a lokacin ɗan tsakiya ne, shi aka sa ya bi Bobby Charlton na Ingila a wasan ƙarshe.

Abin da Beckenbauer ya yi daga baya shi ne ya ce, tunda ba ni gadin kowa, me zai hana in ɗauki ƙwallon in tafi gaba? Daga nan ruɗanin ya samo asali. Mutane suka ga ado da tafiyar ƙasaita, suka ɗauka ma'anar libero ita ce ɗan baya mai iya jan ƙwallo. Alhali duk lokacin da Kaiser, kamar yadda ake yi wa Beckenbauer laƙabi, ya tafi yawonsa, a Bayern Munich ko a tawagar ƙasa, akwai Georg Schwarzenbeck a baya yana kokawa da lamba tara. Beckenbauer ya ɗauki kyautar Ballon d'Or sau biyu, 1972 da 1976. Schwarzenbeck fa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma shi ne ya farke wa Bayern ƙwallo daga nesa a ƙarshen ƙarin lokaci a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 1974 da Atlético Madrid, ba don haka ba da babu maimaicin da suka ci 4-0. Ni dai a raina, irin su Schwarzenbeck da Liebrich sun fi cancantar kirarin da ake yi wa libero.

Yau fa, akwai libero? A manyan ƙungiyoyi kusan babu. 'Yan baya sun daina gadin mutum sun koma gadin yanki, suna tsayawa a layi ɗaya don kama ɗan gaba da satar gida, salon da Milan ta Arrigo Sacchi ta ɗaukaka a ƙarshen shekarun 1980. Wanda ya tsaya taku goma a bayan layin ya rusa tarkon da kansa. Ko ƙungiya ta sa uku a baya, na tsakiyarsu yana cikin layin ne, yana da yankinsa. Sharar bayan layi kuwa yanzu gola ke yin ta, irin Manuel Neuer.

Jamusawa ne suka fi kowa jinkirin rabuwa da gurbin. Matthias Sammer ya ci musu kofin ƙasashen Turai da shi a 1996, har ya ɗauki Ballon d'Or a shekarar. A 2000 suka sake gwadawa da Lothar Matthäus yana ɗan shekara 39, aka koro su tun daga rukuni da maki ɗaya. Bayan shekara huɗu wani Bajamushen, Otto Rehhagel, ya kakkaɓe ƙurar tsohon tsarin a tawagar Girka, masu gadin mutum a gaba, Traianos Dellas a bayansu, ya ɗauke kofin ƙasashen Turai na 2004 a gidan Portugal.