Rage iskar taya saboda zafin bazara

Da bazara ta kama, sai ka ga direba a wurin mai faci yana cewa a rage masa iska, wai kada zafin kwalta ya fasa taya. Akwai ƙamshin gaskiya: iska in ta ji zafi tana neman faɗi, taya ta tare ta, sai matsinta ya hau. Amma hawan kaɗan ne, kusan PSI 1 (PSI shi ne ma'aunin matsin iskar taya) a kowane ƙarin zafi na digiri 5 ko 6 a ma'aunin Celsius, kuma masu ƙera taya sun san da shi.

Tayar da ba ta cika ba ita ce abin tsoro. Gefenta na lanƙwashewa a kowane juyi, roba ta yi ta ɗaukar zafi har zaren ciki ya saki, balle an yi lodi. A auna iskar taya da sassafe, kafin mota ta motsa.