Mece ce fiɗar gawa a talabijin?

Fiɗar gawa ita ce buɗe jikin mamaci daki-daki, daga fata zuwa tsoka, jijiyoyi, ƙashi da kayan ciki, domin a ga yadda aka ƙera jikin ɗan Adam. Ta bambanta da binciken gawa da ake yi a asibiti don gano musabbabin mutuwa. Mai bincike yana neman cuta ko rauni, mai fiɗar koyarwa kuwa tsarin jikin yake son ɗalibi ya gani da idonsa. Idan aka ɗauki wannan aiki da kyamara aka watsa wa jama'ar gari, shi ake nufi da fiɗar gawa a talabijin.

Sunan da ya fi shahara a nan shi ne Gunther von Hagens, masanin surar jiki ɗan ƙasar Jamus. A 1977 ya ƙirƙiro hanyar zuƙe ruwa da kitsen gawa a maye gurbinsu da roba, ta yadda ba za ta ruɓe ba. A watan Nuwamban 2002 ya feɗe gawar wani dattijo mai shekara 72 a Landan, gaban 'yan kallo kusan 500, duk da gargaɗin hukuma cewa hakan ya saɓa wa doka. Tashar talabijin ta Channel 4 ta Birtaniya ta nuna shi, mutane da dama suka kai ƙorafi. A 2005 tashar ta kawo shiri mai kashi huɗu, von Hagens yana fiɗa, Farfesa John Lee, masanin cututtuka, yana bayani: motsin jiki, zagayawar jini, narkar da abinci, da haihuwa.

Akwai ilimi a ciki, babu shakka. Zanen littafi yana raba jijiyar jini ja da shuɗiya tsaf, amma a gawa launukan sun dushe, kitse ya lulluɓe komai, kuma ba kowane jiki ke bin zanen ba. Wanda ya ga huhun mashayin taba a fili ya fahimci abin da nasiha ba ta isar masa ba. Sai dai kallo ba ya koyar da hannu. Ɗalibin likitanci a Zariya ko Kano da ke tsaye kan gawa watanni, cikin warin fomalin, sinadarin da ake adana gawa da shi, yana gane jijiya da taɓi ne, abin da allo ba zai ba shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yardar mamacin. A 2022 Channel 4 ta nuna fiɗar Toni Crews, wadda cutar daji ta kashe a 2020 tana da shekara 30. Ita da kanta ta ba da jikinta, ta kuma amince a bayyana sunanta, aka yi aikin a makarantar likitanci ta Brighton da Sussex. Wannan ya sha bamban da halin da ake ciki a Najeriya, inda yawancin gawawwakin koyarwa na waɗanda ba a zo nema ba ne, ba wanda ya tambaye su. Hadisi ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, shi ya sa malaman da suka halatta fiɗa suka ɗaure ta da larurar ilimi da kiyaye mutuncin gawa. Mutumin da bai yarda ba, ko a ɗakin darasi akwai nauyi a feɗe shi, balle a haska shi ga miliyoyin masu kallo.