Da gaske ne za a biya 'yan bindiga diyya?

Wani saƙon murya na ta yawo a WhatsApp a nan Gusau, wai duk ɗan bindigar da sojoji ko askarawa suka kashe, "kotun duniya" za ta tilasta wa gwamnati biyan danginsa diyya. A teburin mai shayin unguwarmu har wani dattijo ya ture kofinsa, ya ce to ashe gara mutum ya shiga daji. Baba, a yi haƙuri, ba haka dokar take ba.

Wanda aka harbe yana tsaka da buɗe wa jama'a wuta, maganar diyyarsa ba ta ma tasowa, don sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda a yi amfani da ƙarfi daidai gwargwado wajen kare rai. Shari'a tana shigowa ne kan wanda ya riga ya zo hannu, aka ɗaure, sannan aka kashe ko aka gana masa azaba.

Ko a nan ɗin, tabbatar da an tauye haƙƙi daban, biyan kuɗi daban. A 1988 sojojin Birtaniya sun bindige mutum uku 'yan IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami don raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, a Jibralta, wani yanki da Birtaniya ke mulka a bakin iyakar kudancin Sifaniya. A 1995 kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai, da rinjayen alƙalai 10 kan 9, ta ce Birtaniya ta keta haƙƙinsu na rayuwa. Da aka zo kan diyya kuwa sai ta ce ko sisi, tunda shirin dasa bam ne ya kai su; kuɗin shari'a kaɗai aka biya. Takwararta ta nahiyar Amurka ba ta bi wannan layin ba. A 2006 ta umarci Peru ta biya diyyar fursunonin da jami'an tsaro suka kashe a kurkukun Castro Castro a 1992, alhali da ta'addanci ake tuhumar akasarinsu. Ke nan kotunan kansu bakinsu bai zo ɗaya ba.

Hukuncin Turawan ya fi kwanta mini a rai, ba zan ɓoye ba. Sai dai can an baje hujjar bam ɗin a gaban alƙalai. A kasuwannin ƙauyukanmu kuwa, maƙiyi ya nuna ka ya ce "infoma ne" ya isa a yi bayan gari da kai. In aka ce sunan da aka liƙa wa gawa ya isa ya soke diyya, wa zai tsaya bincike kuma?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne manomin da ya sayar da gona da shanun huɗa ya fanso matarsa. Waɗannan kotuna, har da ta ECOWAS da ke Abuja, gwamnati ake kai ƙara gabansu. Sai lauyansa ya nuna hukuma ta san da barazanar ta yi sakaci kafin a fara maganar nasa kuɗin.