Tashin Yesu daga matattu a zanen Kirista

Tashin Yesu daga matattu yana cikin jigogin da masu zanen addinin Kirista suka fi yawan komawa gare su, tare da haihuwarsa da gicciyensa. A aƙidar Kirista, Yesu Almasihu ya tashi a rana ta uku bayan an gicciye shi, kuma abin da ake tunawa ke nan a bikin Ista. Musulmi ba su tafi a kan haka ba, domin Alƙur'ani a Suratun Nisa'i, aya ta 157, ya ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Wannan maƙala ta tsaya ne a kan yadda Kirista suka zana lamarin.

Wahalar da masu zane suka fara cin karo da ita tana cikin nassin kansa. A cikin littattafan Bishara huɗu babu wanda ya faɗi yadda Yesu ya fito daga kabari. Abin da suka kawo shi ne abin da ya biyo baya: mata sun je da asuba ɗauke da kayan ƙanshi, sun tarar an kawar da dutsen bakin kabarin, mala'ika ya ce musu ba ya nan. Matiyu ne kaɗai ya ambaci sojoji masu gadi. Saboda haka aka yi ɗaruruwan shekaru ana kewaye ainihin lokacin tashin, ana zana abin da ke nuni gare shi.

Ƙarnukan farko

A kaburburan ƙarƙashin ƙasa na birnin Roma, a ƙarni na 3 da na 4, alama ake yi. An fi zana Yunusa yana fitowa daga cikin kifi, saboda a Bisharar Matiyu an kwatanta kwana ukunsa da kwana ukun Yesu a kabari, sai kuma tayar da Li'azaru, mutumin da Bishara ta ce Yesu ya rayar bayan ya mutu. A Dura-Europos, wani gari a bakin kogin Furat a Siriya, an tono wani gida da aka mayar majami'a wajen shekara ta 240, a bangon ɗakin baftismarsa akwai mata riƙe da fitilu suna tunkarar wani abu fari. Masana da yawa sun ɗauke su matan da suka je kabari. Wasu sun ce 'yammatan nan ne masu fitilu na cikin misalin Yesu. Zanen yana Jami'ar Yale a Amurka yanzu.

Wani akwatin gawa na dutse da aka sassaƙa wajen shekara ta 350, wanda ke gidan tarihin Vatican, ya nuna gicciye babu kowa a kansa, a samansa haruffan Girka biyu na farkon sunan Almasihu cikin zoben ganye, a ƙarƙashi sojoji biyu a zaune. Littafin Bisharar Rabbula, da aka rubuta da Suriyanci a shekara ta 586, ya sa matan da mala'ika da sojojin da suka zube duk a ƙasan hoton gicciye.

Anastasis a Gabas

Ikilisiyar Gabas ta bi wata hanya dabam. Hoton Ista a wurinta shi ne wanda ake kira Anastasis, kalmar Girka mai ma'anar tashi, kuma ba a bakin kabari yake ba, a lahira yake. Tushensa wani tsohon littafi ne da ba ya cikin Littafi Mai Tsarki, Bisharar Nikodimu, mai ba da labarin yadda Yesu ya sauka gidan matattu ya fasa ƙofofinsa ya fito da mutanen farko. Ana jin siffar ta kafu ne a ƙarshen ƙarni na 7. Daga cikin mafi tsufan da suka saura akwai na majami'ar Santa Maria Antiqua a Roma, na zamanin Fafaroma John na VII, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 707. Bayan an gama rikicin farfasa hotuna a daular Bizantiya a shekara ta 843, hoton ya zama dole a jerin hotunan manyan bukukuwa. A Girka akwai shi da adon ƙananan duwatsu da gilashi masu launi a Hosios Loukas da Nea Moni da Dafni, duka na ƙarni na 11.

Wanda ya fi shahara shi ne na majami'ar Chora a Istanbul, wanda aka zana tsakanin wajen 1315 da 1321 da kuɗin wani babban jami'in fada, Theodore Metochites. Yana a ƙuryar ɗakin da ake binne manya, wato wurin da mai makoki zai ɗaga kai ya gan shi. Yesu yana tsakiya cikin fararen tufafi, haske mai taurari ya kewaye shi, ya ware ƙafafu kamar mai jan kaya mai nauyi. Da hannu ɗaya ya fizgo Adamu, da ɗayan Hawwa'u, kowanne daga akwatinsa. A wuyan hannu ya kama su, ba a tafi ba, kuma masu tafsirin hotunan suna cewa da gangan ne: su ba su riƙe komai ba, jawo su aka yi. Ƙarƙashin ƙafafunsa ga ƙyauren ƙofa a kakkarye, ga makullai da kwaɗuna da ƙusoshi a warwatse, ga wani baƙin mutum a ɗaure. Yahaya Mai Baftisma da Dawuda da Sulemanu suna gefe guda, Habila da sandar kiwonsa a ɗaya gefen. An mayar da ginin masallaci a farkon ƙarni na 16, aka rufe zanen, an mai da shi gidan tarihi a 1945, aka fara goge bangon daga 1948, sannan a 2020 gwamnatin Turkiyya ta sake mayar da shi masallaci.

Majami'un Rasha da Habasha ma sun riƙe wannan siffa ta fito da Adamu da Hawwa'u.

Yamma: fitowa daga kabari

Daga wajen ƙarni na 12 masu zane a Turai ta Yamma suka yi ƙarfin halin zana abin da nassi bai faɗa ba. Kabarin da Bishara ta ce a dutse aka fafe shi ya koma akwati mai murfi, Yesu yana ƙetare bakinsa, riƙe da farar tuta mai jan gicciye, sojoji suna barci ko sun razana. A sassaƙe-sassaƙen farin dutse na Nottingham a Ingila har taka soja yake yi yana fitowa. Siffar da ke nuna shi yana shawagi a saman kabari ta bayyana a Italiya a ƙarni na 14. Ana yawan ba da misalin zanen Andrea di Bonaiuto a majami'ar Santa Maria Novella ta Florence, wajen 1366.

Piero della Francesca ya zana nasa a cikin shekarun 1460, ba a majami'a ba, a zauren majalisar garinsu, Sansepolcro a Italiya, wanda sunansa ke nufin Kabari Mai Tsarki. Yesu ya ɗora ƙafa ɗaya a bakin akwatin, ya yafa mayafi mai ruwan hoda, raunin haƙarƙarinsa a fili, yana duban mai kallo ido da ido, fuskar babu murmushi. Sojoji huɗu suna barci a gabansa, kuma al'ada ta ce wanda ya jingina ƙeya da akwatin Piero ne ya zana kansa. Bishiyoyin hagu busassu ne, na dama sun yi ganye. An daɗe an shafe zanen da farar ƙasa kafin a sake fito da shi. A 1944 wani hafsan sojan Birtaniya, Tony Clarke, ya dakatar da ruwan harsasai a kan garin saboda ya tuna ya taɓa karanta rubutun marubucin Ingila Aldous Huxley na 1925 da ya kira shi zanen da ya fi kowane kyau. Akwai titi da sunan hafsan a garin.

Allon bagadin Isenheim, wanda Matthias Grünewald ya zana tsakanin 1512 da 1516, ya sha bamban. An yi shi ne don asibitin wasu rahibai a yankin Alsace da ke jinyar masu wani ciwo da ake kira Wutar Antoni, wanda ake samu daga gurɓataccen hatsi, yana ruɓar da gaɓoɓi. Allon yana da fukafukai da ake buɗewa. In a rufe yake, majinyata suna ganin jikin Yesu a gicciye cike da gyambo, irin nasu. Ranar biki in aka buɗe, sai ga shi ya yi sama cikin dare, fatarsa sumul, fuskarsa ta narke cikin wani ƙwallon haske, likkafanin yana bin sa yana sauya launi. Yana gidan tarihin Unterlinden a Colmar, Faransa.

Bellini da Titian da El Greco da Rubens duk sun zana jigon. Rembrandt, a nasa na shekarun 1630 da ke Munich, ya bar wa mala'ika aikin ɗaga murfin, Yesu kuma yana gefe kamar mai farkawa daga barci.

Bayyanuwa bayan tashi

Nan masu zane suna da nassi a hannu. Haɗuwar Yesu da Maryamu Magadaliya, wadda ta zaci mai lambu ne, ta sa wasu suka ba shi fartanya ko shebur, kamar yadda Titian ya yi wajen 1514. Caravaggio ya zana cin abincin Yesu da almajirai biyu a ƙauyen Imuwasu a 1601, sannan ya zana Toma, almajirin da ya yi shakkar tashin, yana cusa yatsa cikin raunin haƙarƙari, goshinsa a yamutse.

Zamanin baya-bayan nan

Eugène Burnand a 1898 ya zana almajirai biyu, Bitrus da Yohanna, suna gudu zuwa kabari, bai nuna kabarin ba, bai nuna Yesu ba. A shekarun 1970 an fitar da jerin zanen rayuwar Yesu bisa wasan kwaikwayon da Kiristocin ƙabilar Mafa na arewacin Kamaru suka yi, har da hoton kabarin da babu kowa ciki, mutanen ciki duk baƙaƙen fata ne.