Ɗanɗanon Tsohuwar Giyar Inabi a Yankin Burgundi

Ɗanɗanon tsohuwar giyar inabi al'ada ce da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai masu noman inabi, musamman Faransa, inda ƙungiyoyi kan taru su buɗe kwalaben da suka yi shekaru a ajiye domin su gane yadda giyar ta sauya. Musulunci ya haramta giya kowace iri, don haka yawancin Hausawa ba su san wannan harka ba sai a labari. A yankin Burgundi da ke gabashin Faransa kuwa, harkar ta haɗa noma da ciniki da tarihi, kuma rayuwar garuruwa da dama a kanta ta dogara.

Yadda giya ke tsufa

Mafi yawan giyar inabin da ake yi a duniya ba ta ƙara kyau idan ta daɗe. Lalacewa take yi. Kaɗan ce ke jure ajiya, kuma abin da ke riƙe ta shi ne tsaminta, da sukarinta idan mai zaƙi ce, da sinadarin tanin da ke fitowa daga bawon inabi da ƙwayoyinsa da gangar itacen da aka zuba ta. Irin wannan sinadari ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, shi ne kuma ke sa baurin da ke kama harshe. Da tafiyar shekaru ƙwayoyin tanin kan haɗu da juna da sinadaran launi, wasu su kwanta a gindin kwalba kamar gari, sai baurin ya ragu. Jar giya takan koɗe, ta tashi daga ja mai duhu ta koma kalar jan bulo. Fara kuma duhu take ƙarawa har ta yi ruwan zinariya.

Ƙamshi ma canzawa yake yi. Jar giyar Burgundi, wadda ake yi da inabin Pinot Noir, tana da ƙamshin 'ya'yan itace lokacin da take sabuwa. Idan ta shekara goma sha biyar ko ashirin, masana sukan ce suna jin ƙamshin busassun ganye da naman kaza da fata da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Farar kuwa da inabin Chardonnay ake yin ta.

Ana ajiye kwalabe a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu da laima, inda sanyi ke tsayawa wajen digiri 12 zuwa 13 a ma'aunin Salsiyos, a kwantar da su a gefe don kada toshiyar bakinsu ta bushe iska ta shiga. Babbar kwalba mai cin lita 1.5 ta fi ta yau da kullum mai mililita 750 jinkirin tsufa, domin iskar da ke wuyanta kaɗan ce idan aka kwatanta da yawan giyar.

Ƙungiyar Tastevin

Fitacciyar ƙungiyar yankin ita ce Confrérie des Chevaliers du Tastevin, wadda Georges Faiveley da Camille Rodier suka kafa a garin Nuits-Saint-Georges a watan Nuwamba na 1934. Wahala ce ta haife ta. Tattalin arzikin duniya ya karye, Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, damunan farkon shekarun 1930 ba su yi kyau ba, ga ganguna cike babu mai saye. Dabarar da suka yi ita ce su riƙa gayyatar baƙi liyafa, a ci a sha, labarin giyarsu ya bazu. Dabara ce ta 'yan kasuwa, kuma ta ci, domin yau ƙungiyar tana da dubban mambobi da rassa a ƙasashe da yawa.

Sunanta ya fito daga wani ɗan ƙaramin ƙoƙon azurfa marar zurfi da masu kula da rumbun giya ke amfani da shi a dā. An yi masa ƙananan tudu da rami a ciki, ta yadda hasken kyandir ɗaya zai wadatar a ga launin giyar da tsabtarta cikin duhun rumbu. Mambobi kan rataya shi a wuya, shugabanni kuma su sa riguna masu launin ja da rawaya.

Mazaunin ƙungiyar shi ne tsohon ginin Clos de Vougeot, gonar da 'yan zuhudun Kirista na Cîteaux suka fara nomawa tun ƙarni na 12, suka kewaye ta da katanga. Girmanta kusan hekta 50 ne, amma yau mutane kusan 80 ne suka raba ta. Wannan rabo yana da muhimmanci ga mai ɗanɗano: kwalabe biyu na gona ɗaya da shekara ɗaya suna iya bambanta ƙwarai saboda hannun da ya yi su daban ne. Tun 1950 ƙungiyar ke shirya gwajin da ake kira Tastevinage, inda ake ɗanɗana giya ba a san mai ita ba, wadda ta ci kuma a ba ta tambarin ƙungiyar. A 2015 hukumar UNESCO ta sa gonakin inabin Burgundi cikin wuraren tarihi na duniya.

Babban taron shekara a Nuwamba yake, kwana uku a jere: liyafa a Clos de Vougeot ranar Asabar, gwanjon giyar tsohon asibitin garin Beaune (asibitin da aka kafa a 1443) ranar Lahadi, sai walimar garin Meursault ranar Litinin, inda kowa kan zo da kwalabensa na ajiya a zagaya da su tebur zuwa tebur.

Zaman ɗanɗano

Kafin zama akan tsayar da tsohuwar kwalba kwana ɗaya ko biyu domin garin ya kwanta. Mai buɗewa yakan bi toshiyar a hankali, don takan ruɓe da shekaru. Wasu kan juye giyar a wani tulun gilashi, kyandir na ci a ƙarƙashin wuyan kwalbar, da zarar sun ga garin ya taso sai su tsaya. Wasu masanan Burgundi ba sa son juyewar, suna ganin iska za ta kwashe ɗan ƙamshin da ya rage. A zaman gwaji na ƙwararru kurɓa ake yi a furzar. Akan jera giyar gida ɗaya ta shekaru daban-daban, ko ta gidaje daban-daban ta shekara ɗaya. Wani lokaci kwalbar da aka jira shekara talatin takan fito da warin jiƙaƙƙen kwali saboda sinadarin TCA da ya ɓata toshiyar, kuma babu gyara.

Jabu

Tsadar tsofaffin kwalabe ta jawo 'yan damfara. A 2008 Laurent Ponsot, mai gidan giya a Burgundi, ya tafi New York ya sa aka janye kwalaben Clos Saint-Denis masu sunan gidansu daga gwanjo, domin suna ɗauke da shekaru daga 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin wannan giyar ba sai 1982. Wanda ya kawo su, Rudy Kurniawan, sananne ne a lokacin a tarukan ɗanɗano na attajirai, kuma ƙwararru da yawa sun sha abin da ya haɗa a gidansa suka yaba. Kotun Amurka ta same shi da laifi a 2013, aka yanke masa ɗaurin shekara goma a 2014.